Yadda Ake Farautar Taurari Masu Sauya Haske da Tantance Jinsinsu

Cikin watan Nuwamba, bayan sallar isha'i, ka fuskanci gabas ka nemi Kaza da 'Ya'yanta. Miƙa hannunka ka auna taƙi ɗaya daga kazar zuwa hagu, ka ɗan yi sama. Tauraron da za ka tarar a wajen shi ne Algol, sunan da aka gutsuro daga Larabci, Ra'asul Gul, wato kan dodo. Yawancin darare yana nan da haskensa garau. Amma duk bayan kwana 2 da awa 20 da minti 49 sai ya dusashe har ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na haskensa, sannan ya farfaɗo, duka cikin kimanin awa 10. Wani saurayi kurma ɗan shekara 18 a birnin York na Ingila, John Goodricke, shi ya auna wannan zagaye a 1783, da ido da agogo da takarda kawai.

Yau madubin hangen nesa ne ke ɗaukar hoton sama kowane dare, kwamfuta na lissafi, ana maganar taurari miliyoyi a cikin galaksinmu, wannan farar hanyar taurari da ke ratsa sama a daren ƙauye, wadda Larabawa ke kira Majarra. Amma aikin bai sauya ba: a auna haske, a rubuta lokaci, a nemo zagaye, a duba siffa, a ce wannan jinsin kaza ne. Kuma bayanan manyan binciken nan kyauta suke a intanet. Mai laftof da ɗan data a Kano ko Maraɗi zai iya yin abin da ɗalibin digiri na biyu ke yi a ko'ina.

Da farko: ka san ma'auni biyu

Hasken tauraro da magnitud ake auna shi, kuma a baibai yake tafiya: ƙaramar lamba, haske mai yawa. Tun 1856 Norman Pogson ya kafa ƙa'idar cewa bambancin magnitud 5 daidai yake da ninki 100 na haske, don haka magnitud 1 ninki 2.512 ne. Algol na sauka daga 2.1 zuwa 3.4. Ido a wuri mai duhu yana kai wa wajen 6. Idan za ka zana, ka juya layin tsaye yadda ƙananan lambobi za su kasance a sama, in ba haka ba duk zanenka zai fito a kife, ka ɗauki dusashewa a matsayin ƙarin haske.

Lokaci kuwa da Kwanan Juliyan ake rubuta shi, wato ƙirgen kwanaki a jere babu wata babu shekara. Tsakar ranar 1 ga Janairu 2000 agogon GMT ita ce 2451545.0. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban GMT da awa ɗaya, sai ka cire ta kafin ka juya. Akwai kuma gyaran da ake yi saboda duniya na kewaya rana, wanda ke sa hasken tauraro ya iso da wuri ko a makare har da kusan minti 8. Ga tauraro mai zagayen kwana 300 wannan ba komai ba ne. Ga mai zagayen awa biyu, zai ɓata maka zane. Ka nemi ginshiƙin da aka rubuta HJD ko BJD a bayananka, shi ne wanda aka riga aka gyara.

Na biyu: ka bi tauraro ɗaya da idonka

Mutane da yawa suna tsallake wannan, ni kuma ba na yarda ɗalibi ya taɓa manhaja kafin ya yi shi. Ka zaɓi Delta Cephei, wanda Goodricke ya gano a 1784. Daga Kano yana hawa zuwa wajen digiri 44 a arewa da daren Oktoba da Nuwamba. Manhajar Stellarium a waya za ta nuna maka shi cikin wani ɗan kusurwa uku tare da Zeta Cephei mai magnitud 3.4 da Epsilon Cephei mai 4.2. Waɗannan biyun su ne ma'auninka.

Ka zauna minti 15 cikin duhu, kar ka kalli waya. Daren da aka ɗauke wuta a unguwa shi ne daren sa'arka. Ka dubi Zeta, ka dubi Delta, ka dubi Epsilon, ka tambayi kanka: Delta ya fi kusa da wanne? In yana tsakiya daidai, rubuta 3.8. In ya kusa kamo Zeta, 3.5. In ya gaza Epsilon kaɗan, 4.3 ko 4.4. Ka rubuta awa da minti. Kar ka duba abin da ka rubuta jiya kafin ka yi na yau, domin ido na bin abin da zuciya ke tsammani. Hazon hunturu ba zai cuce ka sosai ba tunda taurarin uku a wuri ɗaya suke, hazon na rage su tare. Abin gudu shi ne aunawa lokacin da suka yi ƙasa kusa da doron ƙasa.

Bayan dare 30 ko 40 za ka ga abin da littafi ba zai sa maka a jiki ba: tauraron na tashi da sauri cikin kimanin kwana ɗaya da rabi, ya yi ta saukowa a hankali wajen kwana huɗu, duk kwana 5.366 ya maimaita. Gani ya kori ji. Wannan siffa mai kama da haƙorin zarto za ka yi ta haɗuwa da ita nan gaba.

Na uku: ɗebo bayanai

Kowane bincike da inda ya fi ƙarfi. ZTF, wanda ya fara a 2018 da madubin inci 48 na dutsen Palomar a Kalifoniya, yana ɗaukar sararin arewa da matatun launi na g (kore) da r (ja), yana kai wa wajen magnitud 20, amma taurari masu haske fiye da 12 ko 13 suna cika masa ido. ASAS-SN na Jami'ar Jihar Ohio yana rufe sama gaba ɗaya, ya fi dacewa da masu matsakaicin haske. OGLE na Jami'ar Warsaw ya fara tun 1992 daga Las Campanas a Chile, kuma shi ne gwani a tsakiyar galaksi inda taurari suka cunkushe. TESS, madubin hangen nesa da aka harba sararin samaniya a 2018, yana zura wa yanki ɗaya ido kimanin kwana 27 babu dare babu rana. Gaia na hukumar sararin samaniyar Turai kuwa, a fitowar bayanansa ta uku a Yunin 2022, ya lissafa taurari masu sauya haske wajen miliyan 10.5, kuma shi ke ba da nisa da launi.

Shawarata ga mai farawa: ZTF, daga IRSA, rumbun bayanansa a intanet. Ka zaɓi ɗan fili ƙarami, rabin digiri ya isa, ɗan nesa da tsakiyar farar hanyar don kauce wa cunkoso. Ka sauke taurarin da ke tsakanin magnitud 13 da 18 waɗanda aka auna aƙalla sau 100. Ka ajiye layukan da catflags ɗinsu, wato alamar ingancin ma'auni, yake sifili, ka zubar da sauran, domin su ne waɗanda gajimare ko wata ya lalata. Kar ka cakuɗa g da r wuri ɗaya. In kuma za ka haɗa da TESS wata rana, ka tuna su sun cire 2457000 daga kwanansu.

Na huɗu: ware masu motsi

Yawancin taurarin filinka ba sa sauyawa. Ka lissafa matsakaicin hasken kowanne da yawan warwatsuwar ma'aunansa, ka zana ɗaya a kan ɗaya. Za ka ga wata hanya mai kauri da ke ɗagawa ta wajen marasa haske, saboda aunawarsu ta fi wuya. Waɗanda suka yi tsalle sama da wannan hanyar su ne abin farautarka. Ka leƙa hoton kowanne: in yana manne da wani babban tauraro ko yana gefen hoto, ka yi zarginsa.

Na biyar: nemo zagaye

Ba a auna tauraro a jere, yau an auna, gobe hadari, jibi an auna sau biyu, sannan a yi wata uku yana bayan rana. Hanyar da aka fi amfani da ita ga irin wannan bayani mai giɓi ita ce ta Lomb da Scargle, daga ayyukan 1976 da 1982. Tana cikin manhajar Astropy ga mai iya yaren kwamfuta na Python, mai gudun rubuta lamba kuma ya ɗauki wata manhajar neman zagaye, kamar VStar na AAVSO, ƙungiyar masu lura da taurari masu sauya haske, ko Period04. Abin da take yi shi ne gwada zagaye dubbai, ta nuna wanda ya fi dacewa a matsayin tsini mafi tsawo.

Abu ɗaya da ake yawan kuskurewa shi ne tazarar gwaji. In bayananka sun shafi kwana 2,000, ka sa tazarar ta zama kamar 1 bisa 20,000 na zagaye a kwana, wato 0.00005. Zuwa zagaye 20 a kwana, gwaji 400,000 ke nan. Ba ya ɗaukar lokaci. In ka buɗa tazarar don sauri, za ka tsallake tsinin gaskiya ba ka sani ba.

Sai naɗewa. Ka ɗauki lokacin kowane ma'auni, ka cire lokacin farawa, ka raba da zagayen, ka riƙe abin da ke bayan ɗigo kaɗai. Misali, kwana 20 bayan farawa a Delta Cephei: 20 a raba da 5.366 ya ba da 3.727, gurbinsa 0.727. Kamar naɗe rawani ne a kan kai, kowane zagaye ya hau kan na baya. In zagayen daidai ne, ɗigogin da suka warwatse shekaru biyar za su taru su yi layi ɗaya siriri. Ka zana zagaye biyu a jere don ido ya ga siffar sosai.

A nan gizo ke saƙa

Kwamfuta ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Ko tauraron da ba ya motsi ka ba ta, za ta ba ka lamba mai ɗigo shida. Tarko uku ne suka fi kama mutane.

Na farko zagayen bogi na kwana ɗaya. Tunda da dare kaɗai ake aunawa daga ƙasa, kowane tsini yana da 'yan rakiya a zagaye ɗaya sama da ƙasa. Ɗauki tauraron RR Lyrae, wanda ake kiran wani jinsi guda da sunansa, wanda Williamina Fleming ta gano a Harvard: zagayensa kwana 0.567, wato sau 1.764 a kwana. Ƙara ɗaya, 2.764, ya ba da kwana 0.362. Cire ɗaya, 0.764, ya ba da kwana 1.309. Abin haushin shi ne 0.362 ya faɗa daidai cikin iyakar wani jinsi, 1.309 kuma cikin na wani daban. Maganinsa ka naɗe da tsini uku ko biyar mafi tsawo, ka dube su gefe da gefe, ka ɗauki wanda layinsa ya fi tsabta. In har yanzu akwai kokwanto, ka duba TESS, shi ba shi da dare da rana.

Na biyu, duk zagayen da ya zo dab da kwana 1, ko 0.5, ko 0.333, ko 29.5, ko 365, ka ɗauka na duniya ne ko na wata har sai an tabbatar da akasin haka.

Na uku shi ne rabin zagaye, kuma shi ya taɓa kayar da ni. Na sami wani tauraro mai zagayen kwana 0.17, layi mai santsi, na rubuta shi cikin masu bugu, wato masu kumbura suna motsewa da kansu, har na fara murna. Sai bayan mako guda da na naɗe shi da 0.34 na ga rami biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya zurfi. Tagwaye ne masu yi wa juna husufi. Lomb da Scargle na neman igiya mai hawa ɗaya da sauka ɗaya, don haka in ta ga rami biyu masu kama sai ta ɗora su kan juna. Tun daga ranar, duk tauraron da ya zo hannuna sai na naɗe shi da zagayen da kuma ninkinsa.

Na shida: wane jinsi ne?

Tambayar farko: tauraron ne da kansa ke kumbura yana motsewa, ko wani abu ne ke tare shi?

Masu husufi iri uku ne, kuma siffa ke raba su. Irin Algol suna zaune shimfiɗe sai rami mai kaifi ya zo ya wuce. Ana rubuta su EA. Irin Beta Lyrae, mai zagayen kwana 12.9, ba su da wurin hutu, haske na sauyawa koyaushe, ramukan biyu kuma sun bambanta sosai a zurfi. EB ke nan. Irin W Ursae Majoris, mai zagayen awa 8, taurari biyu ne da suka manne har suna musayar iska, ramukansu kusan ɗaya, EW. Waɗannan za su fi yawa a filinka, kuma da wuya ka ga zagayensu ya gaza kwana 0.22. Shi ya sa 0.17 ɗin nan nawa ya kamata ya sa na gwada ninkinsa tun farko.

Masu bugu kuwa, wani falle na iskar hiliyam a cikinsu ne ke aiki kamar murfin tukunya: in an matse shi ya riƙe zafi, zafin ya tura shi waje, ya huce ya saki, ya sake faɗowa. Zagaye ke fara raba su. Ƙasa da kwana 0.3, galibi da ɗan ƙaramin sauyi, Delta Scuti ne. Daga wajen 0.3 zuwa kwana 1 da haƙorin zarto, tashi cikin ƙiftawar ido da sauyin da kan kai magnitud 1, RRab ne. Daga 0.2 zuwa 0.5 mai santsi da sauyin rabin magnitud, RRc. RRab da RRc rassa ne na jinsin RR Lyrae, kuma Solon Bailey ya fara raba su a 1902 da taurarin dunƙulen Omega Centauri. In ka ga layin RRab ya yi kauri wajen ƙololuwa alhali sauran sassansa siriri ne, kar ka ce bayanai sun lalace: tsawon tashin ne ke sauyawa cikin makonni, abin da Sergey Blazhko ya lura da shi a 1907. Daga kwana 1 zuwa wajen 100, Sefid ne irin Delta Cephei. Sama da kwana 80 ko 100, jajaye, da sauyin da ya haura magnitud 2.5, irin Mira ne, wanda David Fabricius ya gani a 1596, mai zagayen kwana 332.

Akwai kuma masu tabo, taurari masu sanyi da ke juyawa da manyan tabo a jikinsu. Alamarsu ita ce siffar bana ba ta zama irin ta bara.

Rigimar da ta fi kowace ita ce tsakanin RRc da EW. RRc mai 0.3 da EW mai 0.6 da aka naɗe da rabi, a ido kusan ɗaya suke. Kama da wane ba ta wane. Ga yadda nake raba su. Ka auna faɗin sauyi a g da r daban-daban: mai bugu zafinsa na sauyawa, don haka sauyinsa a g ya fi na r a fili, mai husufi kusan daidai suke. Ka dubi siffa: RRc kan ɗan karkata, tashi ya fi sauka sauri, sau da yawa da ɗan ƙusumbi kafin ƙololuwa, EW ƙololuwarsa a zagaye take, raminsa ya fi tsini. Sannan ka je Gaia. Raba 1,000 da lambar faralaks da ya bayar, wato ɗan gocewar da ake ganin tauraro na yi yayin da duniya ke kewaya rana, ya ba ka nisa a fasek, fasek ɗaya kuma shekarar haske 3.26 ne. Daga nan ka fitar da ainihin haskensa: magnitud da ake gani, a cire 5 sau logarizim na nisan, a ƙara 5. RR Lyrae na zama wajen 0.6. EW galibi ya fi haka dusashewa nesa ba kusa ba, kuma ya fi ja.

Manyan bincike ba sa yin wannan da hannu. Suna farfasa siffar zuwa igiyoyi ta hanyar Fourier, kamar yadda Simon da Lee suka yi wa Sefid a 1981, su ɗauki lambobin da ke bayyana siffar, irin R21 da φ31, su haɗa da zagaye da launi, su koya wa kwamfuta da taurarin da aka riga aka sani. Da irin wannan tace-tace aka fitar da taurari masu zagaye 781,602 daga ZTF a 2020. Na'urar na da sauri, amma a bakin iyakar jinsi biyu take yawan tuntuɓe, kuma nan ne idon mutum ke da sauran aiki.

Na bakwai: daga jinsi zuwa taswira

Dalilin duk wannan wahala ke nan. A 1912 Henrietta Leavitt ta nuna, da Sefid 25 na Ƙaramin Gajimaren Magellan, wani ƙaramin galaksi maƙwabcin namu, cewa duk wanda zagayensa ya fi tsawo ya fi haske. Ka san zagaye, ka san ainihin haske, ka san nisa. Delta Cephei da kwana 5.366 yana da ainihin magnitud wajen -3.4, kuma yana nisan kimanin shekarar haske 890. RR Lyrae ya ma fi sauƙi: in ka sami RRab mai matsakaicin haske 15.6, ka cire 0.6 ya rage 15, wato fasek 10,000, kimanin shekarar haske 32,600.

Hattara biyu. Ƙurar da ke cikin faifan galaksi tana rage haske kamar hazo, in ba ka cire ta ba za ka tura tauraro nesa da inda yake. Akwai taswirorin ƙura don wannan, kuma shi ya sa binciken VVV daga Paranal a Chile ya koma hasken infirared, wanda ido ba ya gani amma yake ratsa ƙura. Sannan Sefid iri biyu ne, kamar yadda Walter Baade ya bayyana a 1952: na gargajiya matasa ne masu nauyi a cikin faifai, iri na biyu tsofaffi ne da suka gaza su haske da wajen magnitud 1.5 a zagaye ɗaya. Ka sa wa wani ƙa'idar wani, nisanka ya kusa ninkawa ko ya ragu da rabi. Kuskuren da ya sa aka daɗe ana ƙaranta girman sararin samaniya ke nan.

In an yi daidai kuwa, taswira na fitowa. RR Lyrae, masu shekaru fiye da biliyan 10, suna zana tsakiyar galaksi da kewayensa. Sefid na gargajiya suna zana faifai. Da Sefid 2,431 Dorota Skowron da abokan aikinta suka nuna a 2019 cewa faifan galaksinmu ba shimfiɗe yake ba, ya lanƙwashe kamar faifan kaba da ya sha ruwa, gefe ɗaya ya ɗaga sama, ɗayan ya yi ƙasa.

Na ƙarshe: duba ko an riga ka

Kafin ka ce ka gano sabo, ka sa wurin tauraron a VSX, kundin ƙungiyar AAVSO da aka kafa a 1911, ka bincika da'irar sakan 30 a kewayensa, ka kuma duba kundin taurari na SIMBAD da jerin Gaia. Sau da yawa za ka tarar an san shi. Ka kwatanta zagayenka da nasu; in nasu rabin naka ne kuma kana da zanen da ke nuna rami biyu mabambanta, VSX na karɓar gyara kamar yadda yake karɓar sabo.

Wajen miƙawa za a nemi wurinsa daga Gaia, jinsi, zagaye, iyakar haske da matatar da aka auna da ita, zanen da aka naɗe, da lokacin farawa. Ga masu bugu irin Sefid da RR Lyrae lokacin ƙololuwa ake bayarwa, ga masu husufi lokacin rami mafi zurfi. Masu tantancewa mutane ne, suna dawo da aiki da tambayoyi, kar ka ji haushi. Sunan dindindin kuwa daga kundin GCVS na Mosko yake fitowa, bisa tsarin da Argelander ya fara: R zuwa Z, sai RR zuwa ZZ, sai AA zuwa QZ ba tare da J ba, sunaye 334 a kowace ƙungiyar taurari, daga nan a koma V335, V336, har inda ƙirge ya kai. Wannan kan ɗauki shekaru, don haka ka adana littafinka da fayilolinka da kwanan watan da ka sauke su.